Ku daina jingina wa addini cire 'ya mace daga makaranta

Samari 'yan'uwana, musamman ku da kuke karatu a ƙasashen Larabawa, da ku nake.

Makon jiya a nan Alƙahira aka cire 'yar maƙwabcinmu daga makaranta. Uban ɗan Yaman ne, yaƙi ya koro shi da iyalinsa. Yarinyar nan ita ke karanta wa mahaifiyarta takardar magani, ita ke cika wa gidan takardun iƙama, wato izinin zama a ƙasa. Da kuɗi suka yi ƙaranci sai aka ce yayyenta maza su ci gaba, ita kuma ta zauna jiran miji. Uban ya ba ni tausayi, don babu ta fi ƙarfin mai gida. Abin da ya ƙona mini rai shi ne abin da na ji daga bakin wasunmu bayan sallar isha'i: "Ai ya kyauta, ya suturta ta. Larabawa sun fi mu sanin addini."

Haba jama'a! Mutumin nan da bakinsa bai ce addini ba, aljihu ya ce. Ku ne kuka ɗauki talaucinsa kuka naɗa masa rawani.

Wane addini kuke nufi? Na Nana A'isha, wadda aka ruwaito hadisai 2,210 ta hanyarta, manyan sahabbai suna zuwa su tambaye ta? Ko na Shifa'u bint Abdullahi da ta koya wa Nana Hafsa rubutu? Masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas a Maroko, wanda ya zama cibiyar ilimin da ake alfahari da ita, Faɗima al-Fihri ce ta gina shi a shekarar 859 da dukiyar gadonta. Duk kun karanta wannan, kun rubuta shi a jarrabawa. Amma da an zo kan 'yar talaka sai ku ce sutura.

Wanda ya zauna da mutanen Yaman ya san abin da ke hana 'ya'yansu mata karatu. Yaƙi ya rusa makarantu, malamai da yawa sun yi shekaru ba albashi tun 2016. A ƙauyuka malamai mata sun yi ƙaranci, uba kuwa ba ya son balagaggiyar 'yarsa gaban malami namiji. Dokar ƙasar ba ta ƙayyade shekarun aure ba, shi ya sa Nujud Ali, tana 'yar shekara 10, ta tsaya gaban alƙali a San'a a 2008 tana neman saki. A Sudan, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe makarantu. A duwatsun Maroko nisan hanya ne, har aka gina wa 'yan mata gidajen kwana kusa da makarantu. Yunwa, yaƙi, nisa, al'ada. Ina aya, ina hadisi a ciki? Wannan masifa ce da ya kamata a yi wa kuka, ku kuwa tafi kuke mata.

Su Larabawan da kuke kafa hujja da su ma sun wuce wurin. Saudiyya ta buɗe makarantun gwamnati na 'yan mata a 1960. Wasu suka tayar da ƙayar baya a Buraida har sai da aka tura jami'an tsaro gadin makaranta. Yau a Riyad akwai Jami'ar Gimbiya Nura, ta mata zalla. A Ƙatar da Kuwait mata sun fi maza yawa a jami'a.

Sannan ku duba kanku. Wasunku da ke wannan fatawa sun maimaita aji, sun raba dare a shagon shisha suna latsa waya, iyaye na gida suna sayar da gona da dabba suna turo kuɗi. Kai an ba ka ka wulaƙanta, wadda take so an hana ta, kuma kana cewa daidai ne. Gobe matarka na naƙuda kai ne za ka fi kowa ɗaga murya a asibiti: sai likita mace! Daga ina za ta fito? Hana wani, hana kai. Ranar da mijin yarinyar nan ya faɗi, ko yaƙi ya raba su, da me za ta riƙe marayu a ƙasar da ba tata ba? Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Ban ce kuna da kuɗin biya wa kowa makaranta ba. Amma ku gyara harshenku, ku kira abu da sunansa, in an yi irin wannan a gabanku ku nuna ba ku ji daɗi ba.

Mazan jiya ba haka suke ba. Babikir Badri, tsohon mayaƙin Mahadi, ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a ta ƙasar Sudan a 1907, a bakin kogin nan da garin Mai Wurno yake. Da 'ya'yan cikinsa ya fara, mutane na zunɗe. Daga wannan gidan Jami'ar Ahfad ta mata ta fito a Omdurman. Mu ma a gida Shehu Usmanu ya caccaki malaman da ke koyar da ɗalibai su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, ya kuma tarbiyyantar da Nana Asma'u. Su ba su da takardar digiri, ba su da lantarki. Mu da muka samu duka, mu ne yau muke zaune a inuwar Azhar muna sa wa cire yarinya daga aji albarka.