Kafin a sake aza harsashin wani dam

Duk lokacin da aka karanto kasafin kuɗi, sai ka ji za a gina sabuwar madatsar ruwa a wuri kaza, jama'a su yi ta tafi. Ni dai a ganina a dakata da sabon gini tukuna, a waiwayi waɗanda muka gada.

Dam ɗin Tiga tun 1974 aka kammala shi, aikin zamanin Audu Bako. Shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma ba don shi ba da noman rani a Kano bai kai inda ya kai ba. Ruwan ma ba inji ke turo shi ba, da kansa yake gangarowa ta babban kanal ya rarrabu cikin ƙanana. Amma kanal sai da yasa. In aka yi sakaci laka ta taru, kachala ta tsiro, ƙofofin ƙarfen suka yi tsatsa, to mai gona a farkon layi ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi kuwa sai ya nemo injin ban ruwa, ya riƙa sayen fetur a gonar da aka ce gwamnati ta kai wa ruwa. Matsalar yashe kanal ita ce ba a gayyato makaɗa ranar da aka gama shi, ba a kuma kafa allo da sunan gwamna. Shi ya sa ba shi da masoya.

Su kuwa na ƙasan kogi ba a cika tunawa da su ba. Tun da aka tare ruwa a Tiga, aka ƙara da dam ɗin Challawa a 1992, fadamar Haɗeja da Nguru take raguwa, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya suka ji a jikinsu. A dam ɗin Bakolori ma, da ke jihar Zamfara ta yanzu, manoman da suka yi ƙorafin diyyar gonakinsu a 1980 da bindiga aka ba su amsa.

Yanzu a ce ruwan ya zo, tumatir ya yi kyau. Je ka kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a tsakiyar kakarsa ka ga kwanduna jere cikin rana, na ƙasa sun fara tsiyaya, dillali yana sane manomi ba zai iya komawa gida da su ba. Abin da bai samu mota zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas ba, sai a yanyanka a shanya a ƙasa a yi kauɗa, da ƙura da komai. Damina na sauka kuma uwargida ta rasa na miya saboda tsada. Kamfanin tumatir na Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 an sa masa rai sosai, amma a shekarar ce tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, daga nan kuma ya yi ta buɗewa yana rufewa. Wanda ya tsara ruwa bai zauna da mai tsara hanya ba, balle mai tsara ajiya da iri da magani. Kowa da ma'aikatarsa.

Abin da nake so in gani a kasafi ba shi da armashi: kuɗin yasa duk shekara, hanyar burji daga gona zuwa titi, rumfar shanya mai daɓen siminti, da ɗakin sanyi mai aiki da sola a manyan kasuwannin kayan gwari. Mu ma manoma sai mun yarda mu biya kuɗin ruwa ta ƙungiyoyinmu, in dai za mu ga inda kuɗin ke shiga.

Sai kuma duba lafiyar dam ɗin kansa. Dam ɗin Alau na jihar Borno ya yi ambaliya a 1994, shekara 30 bayan nan, a Satumbar 2024, ya ɓalle cikin dare ya mamaye Maiduguri. Ya kamata hukumomin da ke kula da Tiga da Goronyo da Bakolori su riƙa fito da rahoton binciken bangon dam ɗinsu kowace shekara kafin damina, a karanta shi a rediyo da Hausa.