Su daji ne makarantar yaransu, mu an raba namu da shi

A watan Nuwamba malamar makarantar renon da 'yata ke zuwa a nan Oslo, babban birnin ƙasar Norwe, ta kira ni ganawar iyaye. Ta yabi yarinyar sosai, sai can ƙarshe ta sassauta murya ta ce akwai abu ɗaya: in an fita daji ba ta yarda ta zauna a ƙasa, ba ta taɓa laka, gefe take tsayawa tana kallon sauran. Sannan ta tambaye ni, cikin ladabi wallahi, ko a al'adarmu ba a barin yara su yi wasa a waje ne. Na ce mata ana bari. Amma maganar ta tsaya mini a rai har na iso gida. Ni da aka yaye ni a bakin gona a ƙasar Katsina, yau ni ake tambaya ko mun san wasan ƙasa.

Bari in ba ku labarin fitar tasu, don wanda bai gani ba zai ce ƙari nake yi. A ƙarshen Nuwamba rana ba ta leƙowa a Oslo sai tara saura, kafin uku da rabi ta faɗi. Ganye duk ya zube ya jiƙe ya yi baƙi. Ga sanyi mai ratsa ƙashi, ga yayyafi ba ya ɗaukewa, ƙanƙara kuma ba ta sauko sosai ba balle ta rufe taɓo. A haka ake jera yara 'yan shekara 3 zuwa 5, kowa da rigar ulu a jikin fata, wata mai kauri a kanta, rigar ruwa da wandonta, takalmin roba, da 'yar falmaran mai ƙyalli don direbobi su hango su. Su hau jirgin ƙasa na cikin gari, layi na 5, har ƙarshensa a Sognsvann, inda tafki yake kuma daji ya fara.

A can malamai sukan hura wuta, tunda dokar hana kunna wuta a daji daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba take aiki. Yara su nannaɗa ƙullin burodi a tsinke su gasa. Ranar da na raka su, da idona na ga yaro ɗan shekara 5 zaune kan kututture da wuƙa mai kaifi yana fiƙe sanda. Malama na kusa da shi, iyakar abin da take ce masa shi ne ya riƙa tura wuƙar waje, kada ya jawo ta wajen cikinsa. Wasu sun ɗaga ruɓaɓɓen icce suna ƙirga tsutsotsi, lissafin ranar ke nan. Ƙananan kuwa a waje suke barcin rana cikin kekunansu, an naɗe su da bargo. Karatu da rubutu gadan-gadan sai shekarar da yaro zai cika 6 ya shiga firamare.

Akwai wata malamar jami'a a Trondheim, Ellen Sandseter, da ta yi suna a binciken wasa mai ɗan haɗari: hawa sama, gudu, kokawa, riƙe abu mai kaifi, kusantar wuta da ruwa, ɓacewa daga idon manya na ɗan lokaci. A ganinta da irin wannan wasa yaro yake koyon auna haɗari da kansa. Jama'a, wannan ba lokacin kaka a garinmu ba ne? Kalar gyaɗa, kamun fara, motar kara, jifan magarya, jin ɗumi da sassafe in hunturu ya kunno kai. Kun san sauran. Yaya ce malamarmu, ba ta da takarda ko ɗaya, amma a hannunta na san ramin da ba a sa hannu.

Ban ce namu ba shi da aibu ba. An yi harbin kunama, an yi yaran da kududdufi ya ci. Su kuma 'yan Norwe suna da arzikin man fetur, suna da doka mai cewa babba ɗaya ga yara 6 in sun haura shekara 3. To amma me muka sa a madadin namu? Ɗan shekara 3 da jaka ta fi shi nauyi, a kulle a aji tun safe, ya dawo da aikin gida, iyaye na alfahari ya zo na ɗaya. Kuɗi muke biya a zaunar da shi.

Wannan ma na birni ne, kuma da sauƙi. Na kira Inna na ce ko yaran ƙanena sun fara zuwa kala. Ta ce, "Wace gonar, 'yar nan?" Gonakin da ke nesa da gari an daina zuwa. A Norwe tun 1957 doka ta tabbatar wa kowa 'yancin shiga daji ya yi yawo, ko da dajin mallakar wani ne. Mu kuwa in an ambaci Dajin Rugu sai gaban uwa ya faɗi. A Disamban 2020 daji aka kora ɗaliban Ƙanƙara sama da 300. A 2021 aka kwashe 'yan Islamiyya a Tegina ta jihar Neja, har da ƙananan da ba su wuce sa'annin masu ƙirga tsutsotsin nan ba, suka yi watanni a hannun 'yan bindiga. Akwai garuruwan da manomi sai ya biya haraji kafin ya girbe abin da ya shuka da guminsa. Wace uwa ce za ta ce wa ɗanta je ka tsinko magarya?

Babban ɗan ƙanena ya shiga shekara ta 6, ɗan manomi jikan manomi, bai taɓa ganin yadda ake cirar gyaɗa ba. Inna ta ce uban yana neman ɗakin haya a Katsina, in an gama girbin gonar bayan gida za su tashi.