Alli Kafin Kujera

Shekara tara ke nan ina zaune a Strasbourg, garin da Faransa ke horar da manyan ma'aikatanta. Hanyata ta zuwa aiki tana bi ta kusa da ginin makarantar da a da ake kira ENA, wadda Janar de Gaulle ya kafa a 1945 don a daina rabon manyan muƙamai ta hanyar sanayya. Giscard d'Estaing da Chirac da Hollande da Macron duk ta nan suka fito. Ni kuwa ɗan Zariya ne, don haka duk sanda na ga ginin sai Kwalejin Barewa ta faɗo mini a rai.

Abin da nake wa mutanen nan sha'awa shi ne ƙofar shiga. 'Yar maƙwabcina, wani direban bas ɗan asalin Maroko, ta shafe shekara biyu tana duƙufe a teburin kicin ɗinsu saboda jarrabawar shiga aikin gwamnati. Takardar amsa ba suna a kanta, lamba ce kawai. Ta faɗi a karon farko, ta ci a na biyu, kuma ubanta bai taka zauren kowa ba. Wallahi ranar da ya kawo mana alawa yana murna sai da idona ya cika da ƙwalla, don na tuna ƙanena da ya yi shekara biyar da digiri a hannu yana jiran wani babba ya sa masa baki.

Amma su ma Faransawan sun gano jarrabawa kaɗai ba ta isa ba. Bayan zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa, wadda ƙarin harajin man fetur ya tayar a 2018, ƙorafi ya yi yawa cewa 'yan ENA sun san fayil, ba su san halin da mutumin ƙauye ke ciki ba, kuma yawancinsu 'ya'yan manya ne. Macron da kansa ya rufe ta, aka maye gurbinta da wata sabuwar makaranta mai suna INSP a farkon 2022.

A nan ne nake ganin magabatanmu sun riƙe wani abu da muka sake. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, wato Barewa ta yau, asalinta makarantar horon malamai ce. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano sun riƙe alli a Midil ta Bauchi. Shehu Shagari ya koyar a Sakkwato da Argungu. Wanda ya yi shekaru yana kallon yaron da ya zo aji ba karin kumallo, ya san uban yaron da harajin da ke wuyansa, in ya hau kujera ba sai an karanta masa rahoto kan talaka ba. Ni a ganina daga cikin aji Ɓalewa ya samo ƙarfin halin miƙewa a majalisar Arewa a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul. Ban ce makarantar ba ta da aibu ba, Turawa sun fifita 'ya'yan sarauta, mata kuwa ba a ma yi maganarsu ba.

Yau a Najeriya ƙofar jarrabawar ta yi rauni, allin ma gudunsa ake yi. Bautar ƙasa da Gowon, shi ma tsohon ɗalibin Barewa, ya kafa a 1973 ita ce ta rage mana mai tura matashi cikin jama'a, ita ma kowa neman canjin wuri yake.

Bara ɗan yayata ya bugo mini waya, an tura shi koyarwa wani ƙauye. "Kawu, don Allah ka yi wa wani magana a mayar da ni Abuja." Na ce masa ya yi haƙuri ya zauna, ya yi fushi da ni wata biyu. Kwanan baya ya sake kira, ba maganar Abuja a bakinsa. Tambayata yake yadda ake rubuta wa ƙaramar hukuma takarda, don rufin ajinsa yana yoyo, ga damina ta kusa.