Ba kowane matsi ne larura ba

A Katsina za ka ji mutum ya ci bashin ruwa don haɗa lefe ko sayen ragon layya, in an yi masa magana ya ce ai larura tana halatta haram. Ƙa'idar gaskiya ce, amma ba nan ne muhallinta ba.

Malaman fiƙihu sun kafa ta a kan ayoyi irin ta 173 a Suratul Baƙara, inda aka yarje wa wanda yunwa ta kai shi bango ya ci mushe, muddin bai wuce iyaka ba. Larurar da ake nufi ita ce wadda ke barazana ga addini, rai, hankali, zuriya ko dukiya. Jin kunyar surukai ba ya ciki, layya kuwa ba ta hau kan marar hali ba.

Inda abin yake da wuya shi ne magidancin da likita ya ce sai an yi wa matarsa tiyata a daren nan, ga shi ba ko sisi. Dole haɗarin ya zama tabbas, ba zato ba. Sai ya fara bin hanyar halal: 'yan'uwa, uwar adashi, sayar da akuya ko buhun gero. In duk sun toshe, ya karɓi daidai kuɗin aikin. Nan ne da yawa ke zamewa, su ƙara da na jari. Kuma da ya sami hali, ya gaggauta biya, domin rangwamen ya ƙare.