Alhaji Na Neman Gida Kusa Da Makaranta

Bayan la'asar ne a falon Alhaji, wani ɗan kasuwar Kwari mai mata biyu da 'ya'ya 11, gidan gadon da suke ciki a cikin gari ya yi musu kaɗan. Dillali ya shigo da wayoyi biyu da damin mukullai, Uwargida da Amarya kuma suna bayan labule wai su ba ruwansu, sauraro kawai za su yi.

Dillali: Salamu alaikum, Alhajin Allah ranka ya daɗe, ya kasuwa ya iyali?

Alhaji: Kasuwa sai addu'a. Zauna, ba na son dogon zance, gida nake so babba, a unguwa ta mutunci, kusa da makaranta mai kyau, kuma mai araha.

Dillali: Alhaji ai gida huɗu ka lissafo, wanne za mu fara gani?

Amarya (daga bayan labule): Malam dillali makarantar ita ce gaba da komai. Yayata da ke aure a Ingila ta ce min can adireshinka ake dubawa, in gidanka na kusa da makarantar gwamnati mai kyau to ɗanka ne a gaban layi, shi ya sa gidajen wajen suke tsada kamar me, mutum sai ya tashi daga unguwa sukutum saboda firamare kawai.

Uwargida: To ai nan Kano ce. Nan rasit ake dubawa, ko a Gezawa kake kwana in ka biya za a buɗe maka get.

Alhaji: Na ce ku saurara kawai ko?

Dillali: A bar su Alhaji, ai su ne masu zaman gidan. In makarantun kuɗi ake so na gani na faɗa to Nasarawa GRA da Bompai, can suke jibge, titi a share, ga bishiyoyi, ba bola a ƙofar gida, yaro ya fito da safe ya ji tsuntsaye na kuka. Ina da wani a hannu yanzu haka, mai shi ya matsu, miliyan 280 kacal.

Alhaji: Kacal?

Dillali: Har da get mai rimot.

Alhaji: Kai ɗan nan ka san yadi nawa zan yanka kafin in haɗa miliyan 280? Tsuntsayen ma ai akwai su a nan, ga tattabarun maƙwabci can kullum suna ɓata mana shanya kyauta.

Dillali: Kuma layin wuta ne mai kyau ranka ya daɗe, Band A.

Alhaji: Band A ɗin da aka mai da shi naira 225 kowane yunit a 2024? Wato in sayi gida da tsada sannan in riƙa sayen wuta da tsada, 'ya'ya 11 kowa da cajar waya, ga wannan baiwar Allah da ba ta kashe ayan. Wuce gaba.

Amarya: A ƙalla dai a ji kuɗin makarantar mana Alhaji.

Dillali: Akwai wata mai sauƙi a wajen, dubu 150 zango ɗaya, ban da yunifom da littattafai da kuɗin mota da kuɗin fati na ƙarshen shekara.

Alhaji (ya jawo kalkuleta daga aljihu): Dubu 150 sau 11, sau zango uku... miliyan huɗu da dubu 950. A shekara! Innalillahi. Hajiya kawo min ruwa. Ni fa da allo da tawada na yi karatu kuma ga shi ba wanda ya taɓa cutata a lissafi.

Uwargida: Ai shi ne nake faɗa tun jiya ba a ji.

Alhaji: A koma na gwamnati. Me ya samu Rumfa? Makaranta tun 1927, marigayi Sarki Ado can ya yi, Abacha can ya yi, ka nemo min gida nan wajen titin BUK yara su riƙa takawa da ƙafa.

Amarya: Alhaji 'ya'yana huɗu duk mata ne, Rumfa kuma ta maza ce, ko hula za ka saya musu?

Uwargida: Allah sarki, nawa dai maza biyar ne a ciki.

Amarya: Yaya ba da ke nake ba.

Dillali: Kar a yi faɗa, ga shawara. Alhaji ka san makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, tun 1977 suke fitar da likitoci da injiniyoyi, kaf Kano ba wanda bai san su ba. To ina da fili a Dawakin Tofa, wallahi in ka tsaya a cikinsa kana hango tankin ruwan makarantar, kuma kuɗinsa bai kai na get ɗin can mai rimot ba.

Alhaji: Yawwa! Yanzu ka fara magana. Abba ya zama likita ke nan.

Amarya: Alhaji makarantar kwana ce fa, kuma jarrabawa ake ci bayan an gama aji uku na ƙaramar sakandare, ba a tambayar ina gidanku, ko katangarku ɗaya da su in bai ci ba sai dai ya riƙa leƙe, in ma ya ci ba za ka gan shi ba sai ranar ziyara. Ita ma FGC, kwalejin gwamnatin tarayya ta titin Zariya, haka ne, sai an zauna kwaman entirans na NECO. Kuma Abban da ya kawo 12 a lissafi wancan zangon...

Uwargida: Kul! Kar ki ƙara ambatar min ɗa. Malamin ne ba ya son shi.

Alhaji: 12 cikin nawa?

Uwargida: Ba a rubuta ba.

Alhaji: Ni an ce min na 12 ya zo a aji, har na ba shi dubu biyu!

Dillali: To a bar maganar kimiyya tukuna. Mu nufi yamma, Tudun Yola, Rijiyar Zaki, Danbare, duk hanyar Gwarzo ke nan wajen sabuwar jami'ar Bayero, unguwannin malaman jami'a ne, maƙwabcinka na dama dakta na hagu farfesa, yaro ko bai yi niyya ba iskar boko za ta riƙa kaɗa shi, ga makarantun kuɗi masu sauƙi kowane layi, ga islamiyyu.

Uwargida: Yawwa islamiyya, tun ɗazu ba wanda ya ambace ta sai boko boko. Ni duk inda za a kai ni in dai ba islamiyya da hadda a kusa ba ni zuwa, kuma a duba min nisa da cikin gari, don ba zan riƙa shiga adaidaita sahu biyu ba duk ranar da aka yi haihuwa ko rasuwa a dangi.

Alhaji: Dangin naki da kullum sai an haihu. Ni kuma fa? Daga Danbare zuwa Kwari kullum, in biyo Kabuga da safe lokacin da kowa ya fito kai yara, ga 'yan KAROTA masu kula da titi, ga mai tun da aka cire tallafi a 2023 motar nan sai ranar Juma'a nake tada ta. Akwai ruwa ma a wajen?

Dillali: Ruwa kai! Ruwa har ya yi yawa.

Amarya: Na famfo ko na sama?

Dillali: Hajiya ƙarama ke fa kin cika bincike. Da damina dai yana ɗan shigowa tsakar gida ya gaisa ya wuce, da rani kuma ga 'yan garuwa nan mutanen kirki, ko Alhaji ya haƙa bohal ya sa sola.

Alhaji: Ya haƙa, ya sa. Kai komai sai ka ce ya, da kuɗin wa? Takardu fa?

Dillali: Takardu lafiya lau, akwai ta mai unguwa da sa hannun shaidu uku, ɗaya ma limami ne.

Amarya: Awon gwamnati ne ko awon igiya?

Dillali: Igiyar dai sabuwa ce.

Amarya: Alhaji ka ji ko. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, abin da ake ba ka shi ne C of O, takardar shaidar mallaka ta shekara 99, in ba shi to kafin ka ba da ko sisi a je KANGIS, hukumar rajistar filaye, a duba fayil, a tabbatar ba a sayar wa mutum uku ba, a tabbatar ba kan hanya ko magudanar ruwa ko filin makaranta aka yanka ba. Ka manta rusau ɗin 2023? Gine-gine nawa aka kwantar a filin Idi da otal ɗin Daula, masu su wa ya fi su kuɗi? Haka kawai wata safiya mu tashi mu ga hukumar tsara birane, KNUPDA, ta shafa mana jan fenti a katanga.

Alhaji: Ikon Allah. Hajiya kin ji amfanin NCE ɗin da na biya.

Uwargida: Na ji. Da ni aka biya wa da yanzu ni ce gwamnan.

Dillali: To Alhaji tunda abin ya zo da haka bari in fito da na ƙasan jaka, wannan ban nuna wa kowa ba. Hotoro, bayan titin Maiduguri, ɗaki shida da falo, C of O na nan da hatiminsa, bohal na aiki, kuma maganar kusa da makaranta an gama, don ba gidan da ya kai shi kusa duk faɗin Kano.

Alhaji: Taku nawa?

Dillali: Ba taku. Gidan shi ne makarantar.

Amarya: Ban gane ba.

Dillali: Makarantar kuɗi ce mai ita ya karye zai sayar, gida ne dama aka mayar, kin san yadda ake yi, ɗakin uwargida aji ɗaya, na amarya aji biyu, kicin ofishin hedimasta, gareji nazire. A goge allunan a sa gadaje shi ke nan, har lilo akwai a tsakar gida.

Alhaji (ya sake jawo kalkuleta): Tsaya tsaya. Kar a goge komai. Aji ɗaya yara nawa yake ci?

Dillali: In an matsa 30.

Alhaji: 30 sau shida 180. Nawa yake karɓa?

Dillali: Dubu 40 a zango.

Alhaji: Miliyan bakwai da dubu 200. Duk wata uku-huɗu! Kuma ba bashi irin na 'yan Kwari, wanda bai biya ba a koro shi gida. Yunifom kuma daga shagona za a yanki yadin, dole. Kai ashe shekara 30 ina zaune a inda ba nan kasuwar take ba.

Uwargida: To mu kuma a ina za mu kwana?

Alhaji: Inda kuke kwana yanzu mana, wa ya kore ku? Ke amarya ke ce shugabar makaranta tunda kin iya dokar 1978, Hajiya ke kuma awara da zoɓo lokacin tara, ba wanda zai shigo da abinci daga waje. A rubuta International a jikin allon, da manyan baƙi.

Amarya: Wallahi Alhaji 'ya'yana ba za su yi karatu a gareji ba.

Alhaji: Wa ya ce za su yi? Kujera 11 kyauta, kin san nawa ke nan a shekara? Su ci gaba da zuwa inda suke zuwa.

Dillali: Alhaji to maganar la'ada, da ɗan kuɗin ganin gida...

Alhaji: 'Ya'yanka nawa?

Dillali: Bakwai ranka ya daɗe.

Alhaji: Kawo su ranar Litinin, na yafe maka kuɗin fom na biyu daga ciki.