Ba ƙiba ce ta tsare wa Foulke raga ba

Duk lokacin da aka saka tsohon hoton William Foulke, mai tsaron ragar Sheffield United, sai ka ji ana cewa ƙibarsa ce ta sama masa aiki, wai tsayawa kawai yake ya toshe raga. Wanda ya ga hoton dole ya zaci haka, don mutumin ƙato ne na gaske. Amma ba haka abin yake ba.

Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta 2.44, babu jikin ɗan Adam da zai rufe wannan. Da ya zo Sheffield a 1894 dogo ne mai zafin nama, nauyin daga baya ya taru. Da shi suka ci gasar Ingila a 1898, da Kofin FA a 1899 da 1902, ya kuma buga wa Ingila wasa ɗaya a 1897.

Inda nauyin ya yi rana shi ne dokar zamanin. An yarda ɗan gaba ya bangaje gola idan yana riƙe da ƙwallo, ya tura shi cikin raga, a ƙirga ci. Shi ya sa gololi suka fi son naushin ƙwallo a kan kamawa. Foulke kuwa, ba kowa ke iya gusar da shi ba.