Yi wa marar bi addu'ar ceto ba raini ba ne

Akwai wata fahimta da ta yaɗu, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya: wai idan Kirista yana yi wa wanda bai ba da gaskiya ba addu'ar ceto, raina shi yake yi, ko matsa masa lamba. Masu faɗin haka suna da dalili, don akwai masu cewa "ina yi maka addu'a" cikin ɗaga kai.

Amma koyarwar ba haka take ba. A bangaskiyar Kirista, ceto alheri ne daga Allah, ba wanda ya same shi da ƙoƙarinsa (Littafi Mai Tsarki, Afisawa 2:8-9), saboda haka mai addu'ar ba shi da abin taƙama. Juyar da zuciya kuma aikin Ruhu Mai Tsarki ne, shi ya sa ake kai kuka gaban Allah maimakon a tilasta wa mutum.

Dubi Monika, wata Kirista, mahaifiyar Agustin wanda daga baya ya zama shahararren malamin addinin Kirista. Da ɗanta ya bi wata koyarwa dabam, ta roƙi wani bishop ya je ya yi muhawara da shi. Bishop ɗin ya ƙi, ya ce ta ƙyale ɗan nata tukuna, ta riƙa yi masa addu'a. Shekara da shekaru tana yi, sannan Agustin ya karɓi baftisma don raɗin kansa a birnin Milan na ƙasar Italiya, a shekara ta 387.